Tsohuwar A-kori-kura Marar Tsatsa: Nawa Ta Kai Kafin A Gyara Ta?

Wataƙila akwai irinta a unguwarku. Tana ajiye a gindin dalbejiya shekara da shekaru, tayoyinta sun sace, rana ta cinye fentinta, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. 'Yan gwangwan sun sha zuwa suna tayawa, masu gidan kuma suna ta jan ƙafa, don ba su san ko abin da ake ba su ya kai ba. Idan kai ne mai irin wannan mota, ko kuwa kana sha'awar sayen wata ka farfaɗo da ita, akwai abu guda da ya kamata ka fara dubawa kafin injin, kafin fenti, kafin kujeru: lafiyar ƙarfenta. Shi ne ke riƙe da mafi yawan kuɗin.

Wace mota ake kira tsohuwa mai daraja?

Tsufa kaɗai ba ya sa mota ta yi daraja. Sai an sami mutanen da ke nemanta don ƙauna, suna kuma shirye su biya. Babbar kasuwar irin waɗannan motoci tana Amurka, inda a-kori-kura ta daɗe tana zaman motar manomi da magini da mai shago. Waɗanda suka tashi suna ganin iyayensu da kakanninsu a cikinta yanzu sun girma, wasu sun yi kuɗi, suna son su dawo da ita ƙofar gida. Cikin waɗanda aka fi nema akwai Chevrolet 3100 ta 1947 zuwa 1955, da Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956, da kuma Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972. A 'yan shekarun nan C10 ta 1973 zuwa 1987, mai jiki kamar akwati, ita ma ta shiga sahu.

Shekarun da mota za ta kai kafin a kira ta ta tarihi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, ta ɗora ma'aunin a kan shekara 30, haka ma Faransa wajen ba da takardar motar tarihi. A Ingila sai mota ta kai 40 ake ɗauke mata harajin hanya.

Me ya sa tsatsa ce ke yanke farashi?

Za ka iya cewa: ai injin shi ne ran mota, me zai sa a fi damuwa da bodi? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana wajen masu gyara.

Injin abu ne da ake kwancewa a ɗaga, a sauke, a sa wani. Injinan waɗannan motoci na Amurka, irin su V8 mai lamba 350 na Chevrolet, an ƙera su da yawan gaske, kayansu suna ko'ina, kowane bakanike a can ya san su. Haka giya, haka birki, haka lagireto. Kowanne yana da farashin da za ka iya sani tun kafin ka fara aiki. Tsatsa kuwa ba ta da farashi sai an buɗe. Kana iya ganin ɗan kumburi kamar ƙwayar gero a gindin ƙofa, mai gyaran bodi ya kankare, sai ga rami da hannu zai shiga. Ya bi ramin, ya tarar ƙarfen da ke bayansa ma ya tafi. Shi ya sa masu wannan sana'a kan ce wadda ido ya gani kaɗan ce daga wadda ke ciki.

Ita tsatsa haɗuwar abu uku ce: ƙarfe, da iska, da ruwa. In gishiri ya shiga tsakani, sai cin ya ƙara sauri. A jihohin arewacin Amurka, irin su Michigan da Ohio da New York, ana zuba gishiri a kan tituna lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara. Taya ta kwaso ruwan gishirin ta watsa shi ƙarƙashin mota, ya shige lunguna ya kwanta. Motocin shekarun 1950 zuwa 1970 kuma ba a yi wa ƙarfensu rufin kariya irin wanda ya zama ruwan dare daga shekarun 1980 ba. Saboda haka mota ɗaya, shekara ɗaya, masana'anta ɗaya, amma wadda ta yi rayuwarta a Ohio ta ruɓe, wadda ta zauna a busassun wurare kamar Arizona da Nevada da New Mexico da yammacin Texas tana nan garau. Har yau masu saye daga arewa suna biyan kuɗin tirela a ɗauko musu mota daga kudu maso yamma, tafiyar dubban kilomita, kuma suna ganin sun ci riba.

Gyaran tsatsa aikin hannu ne zalla. A yanke ruɓaɓɓen wurin, a auna sabon ƙarfe, a yi walda kaɗan-kaɗan don kada zafi ya lanƙwasa faranti, a goge, a daidaita. A Amurka ana biyan gareji da sa'a ne, kuma da yawa daga cikin masu irin wannan aiki suna karɓar kusan dala 100 ko fiye a kowace sa'a. Cikakken gyara, wanda ake raba bodi da shasi a sake komai, yakan ci ɗaruruwan sa'o'i, wani lokaci ya haura dubu. Kaso mafi tsoka na wannan lokaci yana tafiya ne a bodi da fenti. Don haka wanda ya sayi mota marar tsatsa, a zahiri kuɗin aikin da ba zai yi ba ne yake biya tun farko.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya mayarwa. Ana sayar da sababbin farantan C10 da F-100 na kwaikwayo, kamfanoni irin su LMC Truck da ke jihar Kansas sun shahara da wannan. Amma sau da yawa sai an sha fama kafin su zauna daidai, kuma mai saye da ya san mota yana fifita ƙarfen da ya fito daga masana'anta tun asali.

Me ake nufi da "babu tsatsa"?

A nan ne ake yawan samun saɓani, domin kusan kowane mai sayarwa haka yake faɗa. Mota mai shekara 50 da babu ɗigon tsatsa ko ɗaya a jikinta abu ne mai wuyar samu. Abin da masu saye ke nufi shi ne babu tsatsar da ta ci ƙarfe.

Tsatsa hawa uku ce. Ta farko ita ce ta sama, jan-jan da ke fitowa inda rana ta ƙone fenti, kamar a rufi da bonet. In ka goga da takardar yashi, farin ƙarfe zai bayyana. Wannan ba ta da illa, har ma akwai masu saye da ke son ta, suna shafa mata mai ko fenti marar launi su bar ta haka, don ta nuna shekarun motar. Ta biyu ita ce mai ɓamɓarewa kamar ɓawon itace. Ta fara cin kaurin ƙarfe, ta bar shi da ƙananan ramuka. Ana iya magance ta, amma ta fara rage kuɗi. Ta uku ita ce wadda ta huda. Wannan sai yanka da walda. Mota mai hawa na farko kaɗai ita ce ta cancanci a kira ta marar tsatsa. Da zarar an sami huda ko da guda ɗaya ce a wuri mai ɗaukar nauyi, sunan ya faɗi, farashi ma ya bi shi.

Yaya za ka duba da kanka?

Ba ka bukatar kayan aiki masu tsada. Tocila, da sukundireba, da ɗan maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, da tabarma ko kwalin da za ka kwanta a kai. Ka je da rana, kada ka yarda a nuna maka mota da magariba ko bayan an wanke ta tana sheƙi.

Ka fara da shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk motar ke zaune a kansu. Kwanta ka haska. Ƙwanƙwasa da gindin sukundireba: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsini, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, garin tsatsa yana zubo maka a fuska. Duba inda sifirin ke haɗuwa da shasi, da inda gidan direba ke zaune a kansa. In waɗannan wurare sun lalace, gidan direban yakan sunkuya, ƙofofi su daina rufuwa daidai. Saboda haka ƙofar da sai an ɗaga ta kafin ta rufu tana ba ka labari tun kafin ka kwanta.

Daga nan ka shiga ciki ka ɗage shimfiɗar ƙasa. Kada ka ji nauyin mai motar, wanda ba shi da abin ɓoyewa da kansa zai ɗage maka. Duba inda direba ke ajiye ƙafa, da kusurwoyin baya na gidan direba ta ƙasa, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa. A C10 da F-100 waɗannan wurare ne tsatsa ke fara kamawa, domin nan ruwa da laka ke kwanciya. Sai gindin ƙofofi, da kewayen gilashin gaba a ƙarƙashin roba, da magudanar ruwan da ke gefen rufi, da mazaunin batir, inda ruwan batir ke ɗiga ya ci ƙarfe ko da a busasshiyar ƙasa ce. Na kewayen gilashi da na rufi su ne masu ban tsoro, gyaransu yana da wuya ƙwarai.

Maganaɗisun kuwa na kama foti ne, wato ƙullun nan da masu gyaran bodi ke cike rami da shi su shafe, su yi fenti a kai. Ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi gindin bodi da shi a hankali. Inda ƙarfe yake zai manne, inda foti ya yi kauri zai saki. Na taɓa tsayawa ana duba wata mota mai sabon fenti fari tas, maganaɗisu yana mannewa tun daga gaba, da aka iso kusurwar bayan ƙofa sai ya faɗo ƙasa. Da aka leƙa ta ciki da tocila, ragar waya ce aka cusa a ramin aka shafe ta da foti. Mai sayen ya naɗe tabarmarsa ya yi sallama.

To, yaya ake fitar da kuɗin?

Babu wani farashi guda da za a ce shi ne na mota marar tsatsa. Hanya biyu ake bi, kuma gara ka haɗa su.

Hanya ta farko ita ce kwatance: nawa aka sayar da irinta kwanan nan? Ka lura, nawa aka sayar, domin kuɗin da mai kaya ya sa wa kayansa buri ne kawai. Wuraren gwanjo irin su Bring a Trailer a intanet, da Mecum, da Barrett-Jackson mai babban gwanjo kowane Janairu a Scottsdale ta jihar Arizona, suna bayyana farashin da aka buga guduma a kansa. Kamfanin inshorar tsofaffin motoci na Hagerty kuma yana fitar da jadawalin farashi da ya kasa motoci daraja huɗu. Ta ɗaya ita ce wadda ta kai a kai ta gasar baje koli, ta biyu mai kyau ƙwarai, ta uku mai kyau da ake hawa, ta huɗu kuma mai tafiya amma aibinta a fili yake. Motar da ba a gyara ba, in tana tashi tana tafiya, yawanci a kusa da daraja ta huɗu take. In ba ta tashi, tana ƙasa da haka. Lafiyar ƙarfe ita ce ke tura ta sama a cikin wannan rukuni.

A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Mutum ya ga an sayar da C10 fiye da dala 100,000 a gwanjo, abin da kuwa ya sha faruwa, sai ya ɗauka tasa da ke bayan gida ta kusa haka. Waɗancan an sa musu sabon injin na zamani, sabon birki, na'urar sanyaya ciki, an kashe musu kuɗin da sau da yawa ya kai ko ya wuce abin da aka sayar da su. Taka a matsayin kayan aiki take tukuna.

Hanya ta biyu ita ce lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Ga misali, da alƙaluman da na ɗauka don sauƙin fahimta kawai. A ce irin motar in an gama ta da kyau za ta yi dala 35,000. Injin, birki, waya, kujeru, tayoyi da fenti za su ci 22,000, ko da tsatsa ko babu. Saura 13,000. Mota marar tsatsa tana bukatar aikin ƙarfe na sa'a 30, wato dala 3,000, don haka mai saye zai iya biyan 10,000 bai yi asara ba. 'Yar'uwarta mai ruɓaɓɓen ƙasa da kusurwoyi tana bukatar sa'a 150, wato 15,000. Ko kyauta aka ba shi ita, ya riga ya faɗi da 2,000. Ka ga motoci biyu da in ka hango su daga nesa ba za ka bambanta su ba, ɗaya tana da kuɗi, ɗaya kuma darajarta ta kayan da za a cire a jikinta ce kawai.

Gaskiyar da ya kamata ka riƙe ita ce, yawancin masu farfaɗo da tsohuwar mota ba sa mayar da kuɗinsu, musamman in komai sai sun biya gareji. Wanda ya iya walda da kansa lissafinsa daban ne, shi ya sa har mai tsatsar ma takan sami mai saye.

Me kuma ke ɗaga farashi ko ya sauke shi?

Takardu ne a gaba. Motar da ba ta da takardar mallaka, ko lambar da ke jikin shasi ba ta dace da ta takarda ba, kuɗinta yana zubewa ko da ƙarfenta ya fi na kowa kyau, domin mai saye ba zai iya yi mata rajista cikin sauƙi ba. Ka sani kuma lambar shasi mai harafi da alƙalami 17 sai a 1981 ta zama ƙa'ida a Amurka, don haka in ka ga ta tsohuwar mota gajera ce, ba matsala ba ce.

Sai siffa. A Amurka mai gajeren baya, ƙafa shida da rabi, ta fi mai dogon baya na ƙafa takwas tsada, don kawai an fi son ganinta. Wannan ya sa wasu ke yanke doguwa su gajarta ta, abin da za ka gane daga tabon walda a shasi. A C10 ta ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 akwai takarda manne a cikin ƙaramin akwatin gaban fasinja da ke lissafa abubuwan da motar ta fito da su daga masana'anta. In tana nan, hujja ce mai ƙarfi. Sannan cikar kaya: ƙananan abubuwa irin su tambari, da ƙarafan ado, da madubai, da agogunan gaban direba, su ne ke cinye kuɗi da lokaci in sun ɓata.

Ita ma busasshiyar ƙasa tana da nata lahani. Rana tana fasa robobi, ta ƙone kujeru, ta busar da rigar wayoyi. Amma duk waɗannan ana saye a sauya, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na walda ba.

Mu fa a nan?

Yanayin Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram da Agadas ya fi kusa da na Arizona fiye da na Ohio. Ba a zuba gishiri a titi, damina gajera ce, iskar hunturu busasshiya ce. Motar da ta yi rayuwarta a nan takan fi wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, lafiyar ƙarfe. Muna kuma da namu tsofaffin: Peugeot 404 da 504 a-kori-kura, waɗanda muke kira Fijo, da Toyota Land Cruiser da Hilux na da. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, an kuma ci gaba da ƙera 504 a Najeriya har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Faransa. A Turai akwai masu ƙaunar 404 da 504, tsohuwar Land Cruiser kuwa, irin wadda aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, tana da masu nema a ƙasashe da dama.

Sai dai kada ka yi saurin ɗora farashin Amurka a kan motar gidanku. Namu motocin tsatsa ta bar su, amma lodi bai bar su ba. A-kori-kurar da ta yi shekara 30 tana jigilar buhunan hatsi da itace da fasinja zuwa kasuwannin ƙauye, da wuya ka sami shasinta bai taɓa tsagewa an yi masa walda ba. Sau da yawa an ƙara mata sifirin, an sauya injin, an sake bayan da ƙarfen da maƙera suka haɗa. A idon mai tara tsofaffin motoci, lanƙwasasshen shasi da ruɓaɓɓen shasi kusan hukuncinsu ɗaya. Masu irin wannan sha'awa kuma ba su da yawa a nan tukuna, kai mota waje kuwa yana da kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na dillalai, waɗanda duk daga farashinka za a cire su.

Don haka a nan farashi uku ne a gabanka. Mafi ƙanƙanta shi ne na 'yan gwangwan, waɗanda nauyi suke saye, kuma irin wannan mota ta haura tan ɗaya. Na biyu shi ne na kayan gyara: ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi kuɗin ƙofa, da bonet, da giya, da gilashin irinta, za ka ga jimillar takan wuce ta gwangwan. Na uku shi ne na mai son ya tayar da ita ta koma hanya, kuma shi ne zai biya lafiyar ƙarfe. Motar da ta fi dacewa da shi ita ce wadda ta yi aiki a hannun mutum ɗaya ko ma'aikata ɗaya, aka ajiye ta da wuri, takardunta suna nan.

In yi mata fenti kafin in sayar?

A'a. Wannan shi ne kuskuren da na fi jin zafinsa, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mutum ya kashe kuɗi ya fesa sabon fenti don motar ta yi kwarjini, alhali ya rufe shaidar da ta fi komai daraja a jikinta. Koɗaɗɗen fentin asali yana nuna wa mai saye cewa babu foti, babu walda, babu abin da aka ɓoye. Sabon fenti kuwa zargi yake jawowa, sai mai saye ya rage kuɗi don abin da ba ya iya gani.

Abin da za ka yi kaɗan ne. Share ganye da ƙasar da suka taru a bayanta da lungunan gilashi, domin su ne ke riƙe danshi. Ka ɗauke ta daga kan ƙasa zuwa kan siminti ko duwatsu, a ƙarƙashin rumfa in da hali, kada kuma ka naɗe ta da leda, don leda tana tara gumi. Cire tsohon batir. Kada ka yi ƙoƙarin tayar da injin da ya daɗe a kwance da tsohon mai a cikinsa, bari bakanike ya fara juya shi da hannu ya ga ko bai kafe ba. Tattara takardu da duk wani ƙaramin abu da aka taɓa cirewa, ko da ya karye. Sannan ka ɗauki hotunan ƙarƙashinta, da ƙasan gidan direba, da lambar shasi, da rana tsaka.

In mai saye ya zo da tocila da tabarma, ka matsa ka ba shi wuri ya kwanta ya duba son ransa. Kada ka faɗi farashinka sai ya taso.